Mount Vernon: Wace Shekara Aka Maido, Kuma Gidan Wa?

Kimanin kilomita 24 kudu da birnin Washington, a kan wani tudu da ke kallon kogin Potomac a jihar Virginia, akwai wani dogon gida mai jan rufi da ake kira Mount Vernon. Gidan George Washington ne, shugaban Amurka na farko. Nan ya rasu, nan kuma kabarinsa yake. Mutum kusan miliyan guda ke zuwa ganinsa duk shekara, kuma magana ɗaya ake gaya wa kowa tun daga bakin ƙofa: za ka ga gidan yadda yake a 1799, shekarar da maigidan ya bar duniya. A kan wannan magana ya kamata mai ziyara ya tsaya. Ginin ya kusa shekara ɗari uku, ya ga masu gida kafin Washington, ya ga wasu bayansa, kuma kowannensu ya taɓa shi. Wasu mutane ne suka zauna suka ɗauki shekara ɗaya da mutum ɗaya suka ce a mayar da komai can. Abin da baƙo zai gani, da abin da ba zai gani ba, duk daga wannan zaɓi suka fito.

Filin ya shigo hannun dangin Washington ne a 1674, lokacin da kakan mahaifinsa, John Washington, da wani abokinsa Nicholas Spencer suka samu takardar mallakar eka 5,000. Kafin su, ƙasar mutanen Doeg ce, 'yan asalin wurin, waɗanda yau sai dai a ji sunansu a jikin wani rafi da ɗaya daga cikin gonakin gidan, Dogue Run. Wannan yana da muhimmanci ga mai karatu daga ƙasashenmu. Waɗanda suka yi wa Ingila tawaye a 1776 jikokin Turawan da suka zo suka zauna ne, ba mutanen da aka tarar a ƙasar ba. Mahaifin George, Augustine, ya gina ɗan madaidaicin gida a wurin a 1734. Wan George, Lawrence, wanda suke uba ɗaya, shi ya raɗa wa gidan sunan Edward Vernon, kwamandan sojan ruwan Ingila da ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Lawrence ya rasu a 1752, George ya karɓi hayar gidan daga hannun matarsa a 1754, ya zama nasa kacokan a 1761.

Daga nan gini bai tsaya ba har kusan shekara talatin. A 1758, yana shirin auren Martha Custis, wata bazawara mai tarin dukiya, ya ɗaga rufin ya ƙara bene. Daga 1774 ya soma faɗaɗa gidan ta kudu da ta arewa. Doguwar barandar da ke fuskantar kogi an yi ta a 1777, 'yar hasumiyar da ke kan rufi a 1778, duka yana fagen yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Ta wasiƙa yake aiko wa ɗan'uwansa Lund Washington umarnin inda za a sa taga da irin katakon da za a saya. Aka ƙare da ɗaki 21. Shi ya sa idan ka tsaya a gaban gidan ka lura, za ka ga ƙofar tsakiya ba ta zauna daidai ƙarƙashin hasumiyar ba, tagogin hagu da na dama ma ba su yi daidai da juna ba. Tsohon gidan 1734 yana nan a ciki, an yi masa riga ne kawai.

Ka matso jikin bangon. Daga nesa za ka rantse da dutse aka gina shi, manyan tubala masu kusurwa huɗu a jere. Sai ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji amon katako. Kafintoci ne suka ɗauki dogayen allunan katako suka sassaƙa musu layuka a tsaye da a kwance, aka shafa fenti, tun bai bushe ba aka watsa masa yashi mai laushi, ya kama, ya ba shi kaushin dutse. Dabara ce mai kyau, har tana kare katakon daga ruwa. Tana kuma nuna halin da manyan manoman Virginia suke ciki a zamanin: suna son su zauna irin zaman manyan Ingila, amma aljihun bai kai ba. Taba suke nomawa su tura Landan, dillalai irin su Robert Cary su sayar, su aiko musu da tufafi da kujeru da tangaran, a ƙarshen shekara kuma lissafi ya nuna manomin ne ake bi bashi. Washington ya gane wannan rami da wuri. A tsakiyar shekarun 1760 ya bar taba ya koma alkama, ya gina injin niƙa mai aiki da ruwa, ya kama sana'ar kamun kifi a Potomac, a 1797 kuma ya buɗe masana'antar wuski da ta fitar da kusan galan 11,000 a 1799. Fushin da ya kai shi ga yaƙi da Ingila yana da alaƙa da waɗannan takardun bashi.

A cikin gidan ba a barin mutum ya daɗe. Layi ne, kowane ɗaki da mai bayaninsa, ka leƙa ta bayan igiya ka wuce. A zauren tsakiya akwai wani baƙin makulli na ƙarfe a cikin akwatin gilashi, na kurkukun Bastille da mutanen Paris suka fasa a 1789. Lafayette, Bafaranshen da ya yi yaƙin neman 'yanci tare da Washington, shi ne ya aiko masa shi a 1790. Amma abin da ya fi kama ido launi ne. Ɗakin cin abinci kore ne shar, irin koren da ake samu daga tsatsar tagulla, falon gaba kuma ya daɗe da shuɗi mai ƙarfi kafin a sake masa fenti a gyaran da aka gama a 2019. Shekaru da yawa ba haka ɗakunan suke ba. An saba shafa musu launuka masu sanyi, kodaddu, saboda kowa ya ɗauka mutanen da haka suke so. Sai wajen 1980 wani masanin fenti, Matthew Mosca, ya kankaro 'yan ɓarɓashi daga bango ya duba su a madubin ƙara girma, shafi kan shafi, har ya kai ga na zamanin Washington. Ashe abin da ake ɗauka ɗabi'ar mutanen da ce, tsufan fenti ne kawai da datti. Da aka maido launukan, wasu masu ziyara sun ƙi su, suna ganin ba su dace da dattijon da suka sani a jikin takardar dala ba. Ni a wurina nan ne aikin maido da tsohon gini ya nuna darajarsa: hujja ta zo ta saɓa wa abin da mutane suke so, aka bi hujjar.

Ba don wasu mata ba, da babu bangon da za a kankara. Washington bai haihu ba. Gidan ya faɗa hannun ɗan ƙanensa Bushrod Washington, alƙali a Kotun Ƙoli, daga nan ya gangara har zuwa John Augustine Washington na uku. Ƙasar noma ta gaji, kuɗi babu, baƙi kuma ba su fasa zuwa ba, wasu har suna ɓantarar abin tunawa su tafi da shi. A shekarun 1850 da dogayen sandunan tsofaffin jiragen ruwa aka tokare rufin barandar don kada ya rufta. Magajin ya yi wa gwamnatin tarayya tayi, ya yi wa ta Virginia, duka suka ƙi saye. A 1853 wata mata daga South Carolina, Louisa Cunningham, ta hango gidan daga jirgin ruwa, ta rubuta wa 'yarta Ann Pamela cewa in maza sun kasa, me zai hana mata su yi. Ann Pamela, wadda faɗuwa daga kan doki ta bar ta da ciwon baya tun tana budurwa, ta kafa Ƙungiyar Matan Mount Vernon, ta naɗa wakiliya a jiha bayan jiha. Wani mashahurin mai jawabi, Edward Everett, ya zagaya ƙasar yana lacca a kan Washington, ya tara musu fiye da dala 69,000. A 1858 suka ƙulla cinikin gidan da eka 200 a kan dala 200,000, suka karɓi makulli ranar 22 ga Fabrairu 1860. Shekara guda bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, amma sojan Arewa da na Kudu duka suna ajiye bindiga kafin su shiga. Har yau ƙungiyar ce ke riƙe da gidan, kuma ba ta karɓar kuɗin gwamnati. Da tikiti da gudummawa da cinikin kantinta take tafiyar da shi.

Wannan aiki ya cancanci yabo ba tare da wani noƙe-noƙe ba. Sai dai a san abin da suka zo ceto. Ann Pamela Cunningham 'yar gidan masu gandu da bayi ce, kuma ƙasar tana gab da tsagewa a kan batun bauta. Abin da take nema shi ne wurin da Arewa da Kudu za su haɗu su girmama uba ɗaya. A jawabinta na bankwana a 1874 ta gargaɗi magadanta da su riƙe shi a matsayin gidan Washington, kada su bari hannun masu son zamani ya canza shi. Wannan wasiyya ita ta haifi dokar 1799, wato a maido da komai yadda yake a waccan shekara. An yi sa'a, bayan rasuwar Washington an bi ɗaki ɗaki an rubuta duk kayan da ke ciki saboda rabon gado, kuma da wannan takarda ake ta farautar kujeru da madubai da gadaje da suka watsu a hannun jikoki da 'yan gwanjo. Abin da aka ƙara bayan 1799 kuwa, kamar wata 'yar baranda da Bushrod ya yi da shingen ado da ke kan rufin babbar barandar, an cire su a shekarun 1930. Har abin da ido ke hangowa a ƙetaren kogi an tsare: a 1955 wata 'yar majalisa, Frances Bolton, ta sayi kusan eka 500 a ɓangaren Maryland don kada a gina masana'antu a wurin.

To, su wa ke zaune a Mount Vernon a 1799? Washington da kansa ya ƙirga su a bazarar shekarar. Bayi 317 ne a gonaki biyar da suka kai eka 8,000. Turawan wurin, da iyalin maigida da ma'aikatan da aka ɗauka haya, 'yan tsiraru ne a kansu. Idan da gaske 1799 ake son maidowa, to wuri ne da kusan duk fuskar da za ka ci karo da ita baƙa ce: kafintoci, maƙera, masu saƙa da kaɗi, masu wanki, masu dafa abinci, da mafi yawansu da ke noma daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kwana shida a mako, kuma mata sun fi maza yawa a cikin masu riƙe fartanya. Abincin babba a rana kimanin lita guda ce ta garin masara da ɗan kifi mai gishiri. Wani baƙo daga Poland, Julian Niemcewicz, da ya kwana a gidan a 1798, ya yaba wa maigidan ƙwarai, amma ya rubuta cewa bukkokin bayin sun fi na matalautan ƙauyen ƙasarsu muni.

Ba ko ɗaya daga cikin bukkokin nan da ya kai yau. Da gungumen itace aka yi su, aka liƙe tsakaninsu da laka, kuma duk wanda ya san abin da damina biyu ke yi wa ɗakin ƙasa da ba a yaɓe ba ya san ƙarshensu. Gonakin ma an sayar an yanka filaye an yi unguwanni. Bukkar da ake nunawa yanzu a 2007 aka gina ta. Ɗakunan kwanan bayi na bulo da ke jikin ɗakin rainon tsirrai sun ƙone a 1835, aka sake gina su a farkon shekarun 1950. Don haka mai ziyara yana tafiya ne a cikin abu iri uku da suka yi kama da juna a ido: wanda ya tsira, wanda aka gyara, da wanda aka ƙirƙiro daga takarda da ramin tono. Gadon da Washington ya mutu a kai shi ne ainihinsa. Shimfiɗar da aka ce irin ta bawa ce, kwaikwayo ce. Ba wanda ya shirya yaudara a nan, amma sakamakon ɗaya ne: mutum guda yana da kayan da za a taɓa, ɗari uku kuma sai dai a ba da labarinsu.

Ɗakin da ya rasu ya isa misali. Yana bene, ta kudu. Ranar 12 ga Disamba 1799 ya zagaya gonaki a kan doki cikin ƙanƙara da ruwa, ya zauna cin abinci bai sake tufafi ba. Kafin asubahin ranar 14 maƙogwaronsa ya kumbura har numfashi na gagararsa. Wadda ta fara shigowa ɗakin Caroline Branham ce, baiwar da ke hura wutar murhu kowace safiya, ita aka aika ta taso sakatarensa Tobias Lear. Sau huɗu aka tsaga masa jijiya aka zubar da jini, irin maganin zamanin, abin da ya ƙara raunana shi. Da la'asar ya lura cewa Christopher Sheels, saurayin da ke masa hidima, yana tsaye tun safe, ya ce masa ya zauna. Lokacin da rai ya yi halinsa da daddare, Christopher yana gefen gado, Caroline da Charlotte da Molly suna tsaye bakin ƙofa. Charlotte ɗin nan, mai ɗinki, ita ce wadda wani wakilin gona ya yi wa bulala a 1793, ya rubuta wa Washington, shi kuma ya amsa cewa abin da aka yi daidai ne. Mutumin da ya tausaya wa mai tsayuwa da wanda ya amince da bulala duk mutum ɗaya ne, kuma ɗakin ba ya cika sai an ambaci duka biyun.

Wasiyyarsa ita ce hujjar da masu kare shi suka fi riƙewa, kuma hujja ce ta gaske. Ya yi umarni a 'yanta bayinsa bayan mutuwar Martha, a ciyar da tsofaffinsu, a koya wa yaran da ba su da mai riƙo karatu da sana'a. A cikin shugabannin farko na ƙasar da suka mallaki bayi da yawa, shi kaɗai ya yi haka. Amma a cikin 317 ɗin, 123 ne kawai nasa. Wasu 41 na haya ne. Sauran 153 na gadon Daniel Parke Custis ne, mijin Martha na farko. Ita amfaninsu kawai take da shi iya rayuwarta, doka ba ta ba ta ko shi ikon 'yanta su ba. Cikin shekara arba'in ɓangarorin biyu sun yi auratayya, kuma a dokar Virginia ɗa yana bin matsayin uwarsa. Martha ba ta jira mutuwarta ba, ta sake na Washington ranar 1 ga Janairu 1801, domin zama a tsakiyar mutanen da 'yancinsu ke jiran mutuwarka ba zama ne mai daɗi ba. Da ta rasu a 1802, aka raba na Custis tsakanin jikokinta huɗu. Miji ya samu 'yanci, mata da 'ya'ya suka tafi gidan wani.

Wasu ba su jira wasiyya ba. Ona Judge, mai yi wa Martha hidima, ta sulale daga gidan shugaban ƙasa a Philadelphia a watan Mayu 1796, bayan ta ji za a bayar da ita ga wata jikar uwargijiyarta da ta yi aure. Washington ya yi amfani da jami'an gwamnati wajen neman a dawo da ita daga New Hampshire, bai samu ba, can ta mutu a 1848. Hercules, babban mai dafa abincinsa, ya gudu daga Mount Vernon ranar 22 ga Fabrairu 1797, ranar da maigidan ya cika shekara 65.

Yadda masu riƙe da gidan suka bi da wannan tarihi ana iya karanta shi a wata 'yar kurmi kusa da kabarin Washington, inda maƙabartar bayi take. Akwai dutse na 1929 da ke tunawa da “amintattun barori” na iyalin. Kusa da shi akwai wani na 1983, wanda ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Howard suka tsara, shi kuma ya kira su bayi ƙarara. An bar duka biyun, kuma hakan ya yi daidai, don na farkon ma shaida ne. Tun 2014 masu haƙar kayan tarihi ke bin wurin a hankali, suna share saman ƙasa kawai ba tare da sun taɓa gawa ba, sun gano kaburbura fiye da 80, babu mai suna ko ɗaya. Sunaye a takardun haraji da na lissafi suke. A jerin 1774 akwai wata Fatimer da ƙaramar Fatimer, waɗanda masana tarihin gidan ke ganin Fatima ce da 'yarta, alamar cewa akwai Musulmin Afirka ta Yamma ko zuriyarsu a gandun. Akwai kuma Sambo Anderson, kafinta, haifaffen Afirka, mai tsaga a fuska da zoben zinariya a kunne, wanda ya samu 'yanci a 1801 alhali matarsa da 'ya'yansa na ɓangaren Custis ne.

Akwai Amurkawan da ke ƙorafin cewa yanzu maganar bauta ta yi yawa a irin waɗannan gidaje, sun zo ganin gwarzo an ɓata musu rai. Ban ga ƙarfin wannan ƙorafi ba. Wanda ya yarda a kankare bango don a gano ainihin launin fenti ba shi da bakin cewa a rufe littafin da maigidan ya rubuta sunayen bayinsa da hannunsa. Ƙa'idar ɗaya ce. A 2024, ana cikin babban aikin gyaran harsashin gidan, aka tono kwalabe fiye da talatin a ƙarƙashin daɓen ɗakin ajiya na ƙasa, yawancinsu ba su fashe ba, cike da 'ya'yan ceri da wasu 'ya'yan itatuwa da suka shekara wajen ɗari biyu da hamsin. Jaridu da yawa sun kira su kwalaben Washington. Masu tonon da kansu suka ce a duba hannun da ya tsinko, ya gyara, ya cusa, ya toshe bakin kwalbar har ta kai wannan zamani, wato hannun matan madafa irin su Doll, wadda aka kawo gidan tare da Martha a 1759.

Inda nake ganin dokar 1799 ta fi yin ɓarna shi ne shekarun da suka biyo baya. Bauta ba ta ƙare a Mount Vernon da wasiyyar Washington ba. Magadansa sun zo da nasu bayin, aka ci gaba har kusan yaƙin basasa. A 1821 Bushrod, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar da ke neman kwashe 'yantattun baƙaƙe zuwa Afirka, wadda ta kafa Laberiya, ya sayar da mutum 54 ga masu gandu a Louisiana. Edmund Parker ya yi bauta a hannun magajin ƙarshe, daga baya ya dawo ya zama mai gadin kabarin yana ba baƙi labari har rasuwarsa a 1898. West Ford, wanda aka 'yanta a farkon ƙarni na 19 kuma ya daɗe yana kula da gidan, ya gaji fili daga Bushrod, ya sayar, a 1833 ya sayi eka 214 a kusa. Zuriyarsa na cewa ɗan George Washington ne. Masana tarihin gidan sun musanta, suna ganin in ma jinin dangin ne, ta wajen gidan ƙanen George ne. Filin nasa shi ya zama Gum Springs, inda 'yantattun bayi suka taru suka gina coci da makaranta. Unguwar tana nan, 'yan kilomita kaɗan daga ƙofar Mount Vernon, da ɗan gidan tarihinta da mazauna wurin suka kafa da kansu.